Hadari Mai Ido da Tambayar Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da maƙwabcina da muka ƙulla tafiya umra tare, sanyi na cizon yatsu. Har muka isa filin jirgin Kano yana mitar rigar sanyin da matarsa ta cusa masa a jaka, wai ina shi ina rigar sanyi a ƙasar Larabawa. Tawa jakar kuwa kuka ce da daddawa, saƙon Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifina, wadda ta daɗe a Jidda har 'ya'yanta sun fi sakewa da Larabci.

Da muka kammala ibada a Makka sai muka gangaro Jidda. Hanya sumul, ba rami ko ɗaya. Direban tasi ya faɗi kuɗinsa, maƙwabcina ya juya shi zuwa naira a zuci, ya yi ta salati har muka sauka. A da Gwaggo a Karantina take. Da aka rushe unguwar ta koma Waziriyya, wani ɗan gida a saman shagon gyaran firji. Da safe aka kawo mana ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗar gurasa mai zafi, muka ci har muka ji kunya.

Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare, duk inda na je idona na sama. A wurinmu sanyi da ruwan sama ba sa haɗuwa, amma a Jidda lokacin sanyi shi ne daminarsu. Kullum sai in leƙa gabas, inda hadari ke taso mana a gida, in sanar da mutanen gidan cewa yau garau. 'Yar Gwaggo, wadda ke aiki a wani shago a unguwar Bagdadiyya, ta gaji da ni ta ce, "Yaya, juya mana. Namu ta bahar yake zuwa." Na juya, ga yamma ta yi baƙi ƙirin.

Sai daga baya na lura Gwaggo ba ta cin abinci. Ashe autanta mai dafa abinci ne a wani jirgin ruwa na dakon kaya, kuma a lokacin suna cikin Bahar Rum. Saƙonsa na ƙarshe ya ce iska ta taso musu, daga nan waya ta daina shiga. 'Yarta ta nuna mini hoton tekun daga sama: farin gajimare ya naɗe kamar gammo, da ɗan rami a tsakiya.

"Ɗana, kai ka karanci wannan," in ji Gwaggo. "Irin guguwar nan ta talabijin ce, mai ɗaga gidaje?"

Na ɗaga murya na ce ko kusa. Waccan guguwar ta ƙasashen zafi ce, sai teku ya ɗumama take haihuwa, yanzu kuwa sanyi ake yi. Ta yi hamdala, ta jawo kwano.

Amma ramin nan ya hana ni sakat. Hadarin sanyi da na sani shimfiɗe yake, ba ya naɗewa haka. Washegari muka fita bakin teku, inda iyalai ke zaune kan darduma da butocin shayi. Na tsoma hannu a Bahar Maliya, sai na ji ruwan ya fi iskar ɗumi. Nan na zauna da wayata ina bincike, maƙwabcina na fama da kifi da jar shinkafa, yana cewa in na gama auna teku in zo kafin ya cinye.

Abin da na gano ya burge ni, ya kuma tsorata ni. Hadarin sanyi daga karon iska mai sanyi da mai ɗumi yake samuwa. To wani lokaci sai ya ɓalle daga inda aka haife shi, ya tsaya a kan tekun da bai gama huce zafin bazara ba, ga kuma iska mai tsananin sanyi can sama. Sai ya koma shan tururin teku, cikinsa ya yi ɗumi, gajimarensa ya naɗe, har ido ya buɗe. Wani a rabin hanya yake tsayawa, shi ba na sanyi ba, shi ba na zafi ba. Wani kuma yakan rikiɗe gaba ɗaya. Bahar Maliya ta cika siranta, ba ta yin irin wannan, amma Bahar Rum takan yi shi. Ba ya kai na talabijin girma, ba ya kuma daɗewa, sai dai ya isa ya wahalar da jirgi.

Muna hanyar komawa ruwa ya kece, titunan Waziriyya suka zama rafi. Rigar sanyin maƙwabcina ta sha ruwa har ta fi jakarsa nauyi. Ni kuwa abin da ke raina daban: in faɗa mata, ko in bar ta ta ci abincinta?

Na same ta da carbi a hannu. Na ce, "Gwaggo, jiya na yi gaggawa. Yana iya zama irin waccan, ƙarama dai." Na zaci za ta fashe da kuka. Sai ta gyara zama ta ce, "To yi mini bayani." Na yi. Ta ce in sake. Ta tambayi yadda iska ke juyawa, da inda idon ke zuwa in ya rufe, da abin da ya sa teku ke riƙe zafi. Har aka kira magariba ina magana, ita tana kallon bakina.

Ana gobe za mu taho wayarta ta yi ƙara. Autan ne. Sun fake a wata tashar ruwa tun kafin abin ya yi ƙarfi, layi ne kawai babu. Babban ƙorafinsa tukwanen da suka zube masa a kicin. Gwaggo ta wanke shi tas da Hausa, ta ƙara da Larabci, ta ce, "Halas, shi ke nan, kashe wayar," sannan ta kifa kai ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Ni ma sai da na fita baranda.

Da na je sallama na ba ta haƙuri kan amsar farko. Ta yi dariya ta ce, "Tun ranar na san ba ka da tabbas. Babanka ma in bai san abu ba haka yake ɗaga murya. Muryarsa ce da kai sak, ɗana. Shi ya sa na yi ta tambaya."

Mun sauka Kano lafiya, muka kama hanyar Katsina, sama fes ba gajimare. Tafiyar ta koya mini cewa hadari ba shi da alƙibla ɗaya, kuma na daina cewa ɗalibaina "ba ya taɓa faruwa". Yanzu duk Juma'a nakan kira Gwaggo in ba ta labarin sararin Katsina. A wannan lokacin babu abin faɗa, rana ce da sanyi kawai. Amma ina gamawa sai ta ce, "To, sake yi mini bayani."