Ɓerayena da Gonar Tattasan Baba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Gashuwa, aikin da aka ɗora mini shi ne kula da fararen ɓeraye. Rukuni ɗaya na riƙa cakuɗa wa abincinsu gishiri har jininsu ya hau, ina aunawa ta wutsiya. Ɗaya rukunin na bar su da lafiyarsu. Daga nan aka ba su duka maganin ƙwari, awo iri ɗaya. Masu hawan jinin suka riga sauran yin laushi da ƙin abinci. Na rubuta haka a layi biyu, sannan na bi shi da shafi guda na togaciya: ɓerayen ba su da yawa, lokacin gajere ne, ɓera kuma ba mutum ba ne.

Da na koma gida Nguru, na tarar da mahaifina, wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini, yana shirin feshin gonar tattasai. Al'adarsa ita ce ya auna magani da murfin kwalba, ya goya famfon feshi, ya dawo da ciwon kai, ya sha nono ƙwarya guda, domin a ganinsa nono na kashe dafi.

Mahaifiyata ta ji labarin ɓerayen, sai ta zaunar da ni a gabansa ta tambaye ni ko feshin zai cutar da shi. Na gyara zama. Na bayyana cewa akwai alama, amma alama ba hujja ba ce. Cewa hawan jinin gishiri ba lalle ya zama irin nasa ba. Cewa ana bukatar ƙarin bincike. Baba ya saurara da natsuwa, ya ce ya gane, wato masu ilimi sun ce ba komai. Ya tashi ya ɗauko famfo.

"Shekara huɗu ka yi," in ji mahaifiyata, "ka san lafiyar ɓera, ba ka san ta babanka ba? Ya fesa ko kada ya fesa?"

Na buɗe baki, na ji "mai yiwuwa" tana tahowa, na haɗiye ta. Na laluba cikin duk abin da na karanta, na sami magana ɗaya tak da zan iya tsaya mata.

"Baba, kawo famfon. Ni jinina bai hau ba, na auna ɗazu."

Saurin da ya yi wajen miƙo mini har yau yana ba ni tunani.

Na karanta takardar jikin kwalbar sau biyu, na auna da sirinji, na sa safar hannu da takunkumi, na duba inda iska ta dosa, na zaunar da Baba nesa a gindin bishiya. Aikin da yake gamawa kafin hantsi ya kai ni azahar. Da na fito, kafaɗuna suna zogi, ya turo mini ƙwaryar nono. Na fara bayanin cewa ban ga wata shaida ba a kan nono da dafi. Ya ce in sha tukuna, in ƙarasa bincikena daga baya.

Na shanye. Tun daga ranar bai sake goya famfon ba.