Allura a Baƙar Leda

Wata huɗu na yi ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi da ke bayan layin dogo a Agege. Anti ce ta samo min aikin bayan na gama sakandare na zauna shekara guda ba abin yi. Ba ƙanwar Mama ba ce ta jini, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, amma a hannunta na girma, ita take min kitson sallah. Nas ce a gidan, ita kaɗai take yi wa tsofaffin da ke bene allura da wankin ciwo. Ni kuwa nawa shara ne da wanke banɗaki.

Ranar da na fara, ita ta zagaya da ni ta nuna min komai. Baƙar leda ta ragowar abinci ce da takardu. Mai ruwan ɗorawa ta famfas ce da auduga da bandeji, duk abin da ya taɓa jikin mutum. Sai wani akwatin kwali mai ƙaramin baki a ɗakin magani, na allurai.

"Abin da ya shiga nan ba ya fitowa," ta ce. "Ko hannunki kada ki kai kusa. Kin ji ko?"

Na ce na ji, Anti.

Mota daban ce take zuwa ta kwashi ledojin ɗorawa da akwatin. A lokacin da nake ba da labari ta yi kusan sati biyu ba ta zo ba. Akwatin ya cika, an liƙe bakinsa, ba a kawo sabo ba. Na gani da idona, amma ban tambayi kaina ina allurai suke tafiya ba. Ba hurumina ba ne.

Wata Alhamis da safe ina tara baƙaƙen ledoji a bene, sai na hango wata takarda mai rubutun Larabci a cikin ɗaya, ƙarƙashin ɓawon lemo da ganyen shayi. Na gane ta. Ta Baba ce, wani tsohon mahauci da 'ya'yansa suka kawo, yana da ɗan littafin addu'a da ya tsufa, shafukansa suna zubewa, ido kuma ya yi masa rauni. Ba a barin sunan Allah a cikin shara, haka aka tashe mu. Safar da ke hannuna kuwa yanzu na gama ɗaukar famfas da ita, ba zan taɓa takardar da ita ba. Sai na cire, na zura hannuna tsirara.

Wani abu ya shige ni a gefen babban yatsa. Da na zaro hannun, sai ga allura ba murfi, an naɗe ta da auduga mai jini-jini a jiki.

Ban san yadda na sauko ɗakin magani ba. Anti ta kama yatsan ta tara a famfo.

"Anti, allurar wa ce?"

"Ke dai tsaya in wanke miki."

"Anti, ta wa ce?"

"Wai ke me ya kai hannunki cikin shara? Kaza ce ke?"

Mutum uku ake yi wa allura a bene. A cikinsu akwai wanda na lura kullum in za ta shiga ɗakinsa sai ta sa safar hannu biyu. Ban san abin da ke damunsa ba, fayil ba ya zuwa hannuna. Shi kaɗai nake gani a idona a lokacin.

Ta liƙa min filasta, ta rage murya. "Ki saurare ni, 'yata. Kada Madam ta ji. In wani ya tambaya, ki ce allurar ɗinki ce a gida. Ba abin da zai same ki, ni na gaya miki."

Madam ita ce mai gidan. Na ce to, don ban taɓa ce wa Anti a'a ba. Na koma na ƙarasa aikina.

Washegari mai girkin gidan, wata dattijuwa Bayarabiya da ke jin Hausa raɗau, ta ga filastar, ta ga idona. Na gaya mata. Ta ajiye ludayi.

"Jiya? Kuma kina nan kina shara? Aboki, kanki ɗaya kuwa? Akwai maganin da ake sha, amma kwanakinsa kaɗan ne, in suka wuce sun wuce. Zo nan."

Ta ja ni har ofishin Madam. Madam ta sa aka kira Anti. Da ta shigo har na ji sanyi a raina, na ce yanzu za ta faɗi gaskiya, a duba fayil, in sani.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce duk allurar da ta yi tana cikin akwati, ba ta taɓa jefa ko ɗaya a leda ba. Ta ce yarinyar nan dama tana tonon shara, tana kwashe robobin ruwa ta kai wa 'yan bola, ta sha yi mata faɗa, wa ya san inda ta samo allurar.

Ban taɓa ɗaukar ko murfin roba daga gidan nan ba. Na buɗe baki, Turancin ya gudu, Hausar ma ta ƙi fitowa. Na ce, "Anti?" Shi ke nan abin da na iya cewa.

Madam ta ce in je gida in huta, za a neme ni. Ba a neme ni ba.

Daga nan motar haya ta danfo na hau zuwa asibiti a Idi-Araba. Likitar mace ce, ba ta yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi ta nanatawa: wa aka yi wa allurar, ko za a iya gwada shi? Na fita waje na kira Anti. Sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Anti, ba suna nake so ba. Ki ce min dai yana da wani abu ko ba shi da shi. Wallahi ba wanda zai ji."

"Ni ban san wata allura ba," ta ce. "Kuma sirrin mara lafiya ba abin wasa ba ne." Ta kashe.

Aka ɗebi jinina, aka yi min allurar rigakafi, aka ba ni ƙwayoyin kariya daga ƙanjamau na wata guda. Sun wahalar da ni. Ko ƙamshin miya na ji sai amai, na rame har maƙota suka fara tambayar Mama. Mama ta je gidan Anti sau ɗaya, ta dawo ba amsa, ta cire mayafi ta zauna a bakin gado. Gwajin farko ya fito lafiya, amma likita ta ce bai isa ba, sai an sake bayan wasu watanni.

Satin da ya wuce aka yi suna a layinmu. Anti tana can cikin mata, ta sha leshi, tana ba da labari ana dariya. Na so in juya, Mama ta matse min hannu, don kada mutane su ce wani abu. Na je na durƙusa na gaishe ta.

"A'a, 'yata! Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Na matsa kusa da kunnenta, kamar mai gyara mata ɗankwali. Na ce, "Anti, don Allah don Annabi. Mai safa biyu ne?"

Ta ɗan tsaya. Na ga bakinta ya motsa. Sai ta ɗaga hannu ta kira mai rabon abinci.

"Ku kawo wa 'yata shinkafa, ku sa mata nama da yawa."

Ranar Litinin mai zuwa zan koma a sake ɗibar jinin. Mama ta ce za ta raka ni.