Yadda Na Kai Ƙafar Jatau Kuyello

Laraba

Tun kafin kiran asalatu muka bar gida, ni da ƙanena Jatau da jakin aro. Sarkin ƙofa bai buɗe ba tukuna, sai muka tsaya gindin ganuwar Birnin Gwari tare da fatake masu gishiri, ni ina ta kai da komo, na kasa tsayawa wuri ɗaya. Lokacin Nasara ba su zo ba, kuma ba a shiga daji sai cikin ayari, don tsoron mahara.

Yaran yanzu masu buga tamaula suna da mai tsaron baya. To, mu ma a langa muna da shi, kuma Jatau ne namu. A langa kowa kan kama ƙafa ɗaya ta baya ya yi ta tsalle da ɗayar, wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Jatau kan tsaya gaban masha, wurin da abokan karawa ke neman taɓawa, kuma kaka biyu ba wanda ya wuce shi. Sarkin Samarin Kuyello ya aiko zai gwada shi ranar Juma'a. In ya yi, za a ba shi gona da ɗaki ya zauna yana yi musu wasa. Gonar da mahaifinmu ya bari kuwa ba ta ci da mu biyu.

Saboda haka na rantse ƙafarsa ta dama, wadda yake tsalle da ita, ba za ta taka hanya ba. Na ɗora shi a jaki.

Da hantsi ya fara mita. "Yaya, bari in ɗan taka mana."

"Ka taka ƙaya, ka ce mini me? Zauna!"

Da la'asar muka yi zango bakin wani rafi, muka sayi fura ta wuri ashirin. Ko alwala ni na ɗebo masa ruwa.

Alhamis

Yini guda muna cikin kurmi. Madugu ya hana magana da ƙarfi, ko biri ya karya reshe sai in waiga. Inda ruwa ya kai gwiwa na goya Jatau na haye da shi, fatake suna ta ƙunshe dariya. Kafin magariba muka sauka wata ruga, Arɗonsu ya ba mu nono da bukka. Ya ga yadda na sauko da Jatau, ya ce, "Ɗana, ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baffa. Ƙafarsa nake adanawa."

Tsohon ya jinjina kai. "Mu dai in muka ɗaure saniya kwana biyu, ranar da aka kwance ta tangaɗi take yi."

Na ce a raina, me mai kiwo ya sani game da langa?

Juma'a

Muka shiga Kuyello da azahar. Bayan la'asar aka cika fili, ana kiɗa. Jatau ya kama ƙafarsa ta hagu, ya yi tsalle biyu, na ga ta daman tana rawa. Wani siriri ya zo ya ɗan goge shi da kafaɗa, sai ga Jatau a ƙasa, rim! Fili ya ɗauki ihu.

Sarkin Samari ya dube ni. "Wannan ne katangar Birnin Gwari?"

Kunya ta kama ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Kwana uku ban bar shi ya taka ƙasa ba." Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a sake gwadawa gobe da la'asar, daga nan kuma babu ƙari.

Asabar

Da sassafe Jatau ya fita, ya kewaya gari sau uku, ya ɗebo wa mai masaukinmu ruwa tulu biyar, ya koma rafi da tsalle. Na bi shi da jaki, wai ko zai gaji. Ya waiwayo ya ce, "Yaya, wallahi ka ƙara matso da jakin nan, gida zan wuce da ƙafata."

Da la'asar aka sake kamawa. Siririn nan ya taho da ƙarfinsa, Jatau ya kauce kaɗan, ya tare shi da ƙirji, sai ga siririn warwas. Aka yi zagaye uku, ba wanda ya taɓa masha. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Komowa

Ran Lahadi na bi wani ayarin. Jatau ya rako ni bakin gari ya ce, "Ka gai da Inna." Sai a nan na gane ashe samun nasa rabuwarmu ce, abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Na biya ta rugar na yi wa Arɗo godiya, na ce masa gaskiyarsa ce.

Ran Talata gab da magariba na shiga gida, ina gode wa Allah da ya fitar da ni dajin nan lafiya. Inna ta dubi bayan jakin, ba kowa.

"Ya samu?"

"Ya samu, Inna."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Akushi biyu na tuwo ta ajiye a bakin ɗaki. Ta sunkuya ta juye ɗaya cikin ɗaya, ta miƙo mini.