Kaset Ɗin da Ban Kalla Ba

Ni ɗan Maraɗi ne, kuma kafin in lalace kaset nake sayarwa a Château Rouge, cikin Paris. Waƙoƙi ne da wa'azi, sai fina-finan Indiya. Abin da nake samu yana isata, har yau ina kewar ɗan teburin nan.

Duk ƙarshen wata nakan hau jirgin ƙasa in kai kaya Lyon, in sauka gidan Alhaji Mamman, wani dattijo mai sayar da atamfa a Villeurbanne, nan gefen garin. Ba mu haɗa jini ba, amma kwano ɗaya muke ci, kuma "ɗana" yake kirana.

Wata rana wani falke ya kawo mini kaset na bidiyo daga ƙetaren iyakar ƙasarmu, inda ake ɗaure 'yan fashi a harbe su gaban jama'a. Na kalli na farko, na kasa cin abinci. Sai dai ya fi waƙa kasuwa nesa ba kusa ba. Nan na yi wa kaina wayo: in kwafa, in sayar, amma ba zan ƙara kallo ba. A wautata, hannuna ya fita ke nan.

Ana haka aka kama Sanusi, babban ɗan Alhaji, a can ƙetaren kan zargin fashi, aka yanke masa hukuncin kisa. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai da ka san mutane can, ba wanda zai sa baki?" Ban san kowa ba sai falken nan, amma na ce akwai wani babban soja. Dattijo ya karyar da atamfofinsa ya ba ni kuɗin. Duk zuwa nakan ce magana ta kusa, in wanke hannu in ci tuwonsa.

Wata Asabar na kai sabon kaset Lyon, na sayar wa samarin unguwa. Washegari Alhaji ya kira ni ɗaki, kaset ɗin na cikin na'ura, wani maƙwabci ya kawo masa. Ga Sanusi a ɗaure cikin bidiyon. Bai zage ni ba, bai tambayi kuɗinsa ba. Cewa ya yi, "Muryar ba ta hita. Ga bakinshi na motsi. Kai da ka san na'ura, mi yake cewa?"

Na mayar baya, na ƙara mayarwa, hayaniyar 'yan kallo kawai ake ji. Na so in ce kalmar shahada ce, amma na gaji da yi masa ƙarya. Na ce ban ji ba.

'Yarsa Hadiza ce ta kai ni komisariya wajen 'yan sanda, aka ɗaure ni kan zamba. A kurkuku tuwon gidan nan nake tunawa, da yadda yake tura mini nama gabana. Da na fito na tuba, na je neman gafara, na tarar ya rasu. Hadiza ta ce har ƙarshe yana kallon kaset ɗin, yakan tsayar da shi kafin a ɗaga bindigogi, don ba shi da wani hoton ɗansa mai motsi.

Yara, kada ku ci abinci da mutuwar wani, ko da an ce ɗan fashi ne, yana da uba. Kuma duk abin da ba za ku iya kallo ba, kada ku sayar. Ni na tsufa a Paris, babu wanda ya sake ce mini "ɗana".