Ƙafar Baba ta je Yamai ta dawo

Dakoro zuwa Maradi

Ana kiran assalatu muka fito, ni da Baba da ƙafarsa ta roba naɗe cikin zane, za mu kai ta gyara Yamai. Tun da motar shanu ta kife da shi aka yanke ta hagu, yanzu kuma gwiwar robar ta saki, taku kaɗan sai ta lanƙwashe ta kayar da shi. Baba dillalin awaki ne. In ba ya iya bin awaki cikin kasuwa, sana'a ta ƙare.

A Sabon Maci jandarma ya ɗaga ƙunshin ya ce, "Mi ne ne wannan?"

"Ƙafata ce," in ji Baba. "Ita ma sai ta nuna takarda?"

Jandarman ya maido ta da hannu biyu.

Yamai

Muka kwana tashar Maradi, muka wuni cikin kar, babbar motar fasinja, muka sauka gidan Gwaggo, bayanmu kamar an daka. Da safe muka je wurin gyara. Mai gadi ya ce ma'aikata duk sun tafi kallo, wai baƙi sun kawo mutum-mutumin ƙarfe mai tafiya. Raina ya yi mugun ɓaci. Na ɗaura wa Baba ƙafar, muka bi su.

Gaskiya abin yana tafiya kamar mutum, har da rangaji. Wani saurayi ya hankaɗa shi, ya yi taga-taga, ya jefa ƙafa gefe, ya tsaya cak. Wata mata ta yi salati ta ja baya. Aka ce akwai wani abu cikinsa da ke jin ya karkata, sai ya aika wa ƙafa saƙo tun bai faɗi ba. Jama'a suka yo gaba da wayoyi, suka ture Baba, gwiwar ta lanƙwashe, sai ga shi ƙasa. Ko waiwaye babu.

Na ce, "Kuna tura ƙarfe ku ga ko zai faɗi, ga mutum kun tura ya faɗi. Ba mai ɗaukar hotonsa?"

Da ƙyar na zaƙulo mai gyaran. A tsaye ya latsa gwiwar, idonsa na can, ya ce kayanta babu su a ƙasar, mu riƙa leƙowa. Daga Dakoro fa.

Baba ya daɗe yana kallon ƙafafun abin. Ya ce mini, "Hadiza, tambayi baƙin nan, in ya tsufa su sayar mini da gwiwa guda."

Ba wasa yake ba, don haka na tambaya. Suka yi dariya, wani har ya ce tsohon nan akwai barkwanci.

Gida

Mun iso Dakoro lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, da direban da ya bar wa Baba kujerar gaba. Ana gobe kasuwa Baba ya rataye ƙafar a ƙusa, ya aike ni gidajen masu awaki in ce su nemi wani dillali.