Ranar da Inna Ta Ƙi Amsa Sunan Mahaifiyata

A lokacin ina ɗan shekara talatin da ɗoriya, ina jan motar alhazai tsakanin Bi'ir Ali, da ke bakin garin Manzo, da Makka, ina ji da kaina a matsayin wanda ya san kan gari. Mahaifiyata 'yar ƙasa ce, sunanta na cikin katin iyali, asibitin gwamnati kyauta take zuwa. Yayarta kuwa, wadda muke kira Inna, igama kawai gare ta, wato takardar zama, takardar ma ta mutu tun rasuwar mijinta. Da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, aka ce ba za a buɗe mata fayil ba sai an sabunta igamar, an mayar da ita ƙarƙashina. A ganina zirga-zirgar ofis ce ta watanni, ni kuwa ganda ta hana ni.

Sai na kawo dabara irin ta marasa tunani. A wancan zamanin katin iyali ba ya ɗauke da hoton mata, tsohuwa cikin nikabi kuma wa zai bambanta ta da wata? Na ɗauki takardun mahaifiyata, na sa Inna a mota daga unguwarmu Al-Ranuna, ban gaya mata komai ba sai da muka zauna a layin asibiti. Na raɗa mata cewa in an kira sunan ƙanwarta ta miƙe kawai. Aka kira sau ɗaya, aka kira sau biyu, Inna na zaune tana jan carbi. Na zungure ta, gumi na keto min, sai ta ce da ni a hankali, "Ɗan nan, a garin Manzo zan yi ƙarya don ido? In na mutu a hannunsu, wa za su rubuta ya mutu, ni ko uwarka?"

Wallahi kunya ta kashe ni, amma maimakon in gane, sai na yi zuciya. Na mayar da ita gida, na ce tunda ta fi kowa tsoron Allah ta nemi mai kai ta. Wata shida ban waiwayi zancen ba. Ashe baiwar Allah nan lalube take ta bi bango zuwa gidan wata maƙwabciya, likita 'yar Najeriya, tana tambayar takardun da ake nema, tana haddacewa ɗaya bayan ɗaya, don ba ta karatu, har ta tara su duka. Ranar da ta miƙo min su a ƙulle cikin ɗankwali, sa hannuna kaɗai ya rage. Abin da nake gudu bai ci min sati uku ba.

Aka yi mata aiki, idon dama ya buɗe. Na hagu, likita ya ce an makara. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora min laifi ba, cewa take ɗayan ma ya ishe ta ganin hanyar masallaci. Ban taɓa ganin mai gaskiya da haƙuri irin nata ba, kuma abin yana ci na har yau.

'Yan uwa masu tsofaffi a gida, ku duba takardunsu tun suna da lafiya, ku yi musu rajista da sunansu na gaskiya. Kada ku jira ciwo, kada ku nemi ratse. Ni sati uku na ƙi bayarwa, Inna ta biya da ido ɗaya.