Tandar Iya Lauratu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kwamba ya san Iya Lauratu mai gawayi. Doguwar tsohuwa ce marar jiki, ba ta da yawan magana, kullum tana ƙofar gidan hayar da muke ciki da buhunanta da 'yan ledojin da take ƙullawa. Abin da baƙo yake fara lura da shi a wurinta shi ne tsabta. Gawayi take sayarwa, amma ba za ka ga baƙi a farcenta ba. Kwano ɗaya sai ta wanke shi, ta ɗauraye, ta ɗaga shi ga rana ta duba, ta sake ɗaurayewa. Matan gidan suna yi mata tsiya, wai Iya za ta ƙarar mana da ruwan rijiya. Ni ba na sa baki a wannan tsiyar. Uwata ƙawarta ce tun suna zaune a unguwar Hashimi, na san inda wankin ya samo asali.

Daga Kwalejin Tudun Kanya ya samo asali. Makarantar ta girmi yawancin gidajen garin nan. Tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni, ake kawo mata yara maza daga nesa. Abin da take taƙama da shi kuwa rubutu ne. A wancan zamanin suna da Ƙungiyar Alƙalami, wadda ke zama kowace Laraba da yamma a gindin kanyar da ke tsakiyar makarantar. Wannan ya karanta waƙa, wancan ya karanta labari, a yi musu, a yi tafi. Suna da 'yar mujallarsu da suke bugawa da keken rubutu, Muryar Kanya. Sau ɗaya a shekara kuma suna yin Ranar Zambo, inda 'yan ajin ƙarshe ke gasar wanda ya fi iya yi wa wani ba'a cikin waƙa. Wanda ya ci, a rubuta baitocinsa da fenti a bangon ɗakin cin abinci, kuma sabon ɗalibi ba ya zama ya ci tuwo sai ya haddace su.

Wata shekara wani yaro ya yi wa tumbin mataimakin shugaban makaranta waƙa. Aka zane shi a gaban kowa, aka kuma kafa doka: daga yau ba zambo a kan malami, ko ɗalibi, ko ma'aikacin makaranta. Ba a hana gasar ba, ai al'ada ce, ita ce abin alfaharinsu. To, ina yaran za su kai bakinsu? Sai suka leƙa waje, aka bar jaki ana dukan taiki.

A lokacin Lauratu amarya ce, mijinta Khamis magini ne. Tana toya waina a ƙofar makarantar da safe, da miyar taushe, a wata tandar ƙasa da ta saya wurin matan Gwarawa masu ginin tukwane. Uwata ta ce ba a yi wainar da ta kai tata a Hashimi ba. Cikin masu sayenta akwai wani siririn yaro, Ummaru, wanda take ƙara wa gyara saboda ta ga kamar ba ya ƙoshi. Ba faɗa tsakaninsu, ba cacar baki. Da ma an yi faɗan, da sai a ce ramuwa ce. Gasa ce ta matso, yaro yana neman abin rubutawa, ya ga ƙuda ya sauka a bakin kwanonta kamar yadda yake sauka a bakin kwanon kowa. Sai ya rubuta:

Uwar Ƙuda mai wainar ƙofa,
Tandarki ba ta san ruwa ba,
Ƙuda ya ci, ya yi hamdala,
Ya bar mana saura mu lasa.

Da sauran baitoci a kan miyarta da zanenta, waɗanda ba zan maimaita ba. Ummaru ya ci gasa, aka rubuta waƙar a bango.

Da farko ɗaliban suna zuwa su saya suna rerawa, ita ma tana dariyar yaƙe. Daga nan yaran unguwa suka ɗauka, in ta fito da tanda a ka sai su bi ta da tafi. Matan malamai suka daina aikowa. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne gidan biki. Da ta nufi wurin tukunya sai wata ta tare ta da fara'a, ta ce, "Lauratu, zo ki huta, ai mun isa." A gidan suna haka, a gidan rasuwa haka. Ba wadda ta taɓa ce mata ƙazama a fuska, hutu kawai suke ba ta.

Khamis ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wurin shugaban makaranta. Aka ba shi kujera, aka yi masa bayani a tsanake cewa wannan adabi ne, kuma ai ba a ambaci sunan kowa ba. Gaskiya ne, ba a ambata ba. Sai dai mai waina ɗaya ce a ƙofar. Haka ya dawo gida. Lauratu ta wanke tandarta, ta shafe ta da mai, ta naɗe a tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. Ta koma sayar da gawayi, abin da ba wanda zai ce ƙuda ya taɓa. Tun daga ranar ba ta sake dafa wa bare abinci ba.

Ummaru kuwa waƙar ta buɗe masa ƙofa. Ya tafi jami'a, ya yi aiki a manyan ofisoshin Abuja, har yau abokansa suna kiransa Sarkin Zambo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekaru suka tura. Khamis ya rasu. Ɗansu guda, Ismail, shi ma ya rasu ya bar 'ya ƙarama, Ikilima, a hannun kakarta. Iya ta tattara ta bar Hashimi ta dawo Kwamba, cikin 'yan haya, Yarabawa da Ibo da ma'aikatan da ke fita Abuja tun asuba ba su dawowa sai bayan magariba. Nan ba wanda ya san wata Uwar Ƙuda. Burinta ɗaya ne a duniya, kada yarinyar nan ta taɓa sanin cewa kakarta ce matar cikin waƙar. Ta sa ni na rantse a kan haka. Da Ikilima ta sami shiga Tudun Kanya, wadda yanzu take ɗaukar mata, Iya ta aike ni na dubo mata ko waƙar tana nan. Na dawo na ce mata ɗakin cin abincin ya rushe, mujallar ta mutu, kanyar ma rabinta ya bushe. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, ta je."

Bana makarantar ta cika shekara saba'in, tsofaffin ɗalibai suka tashi za su farfaɗo da tarihi. Wata rana da la'asar ina ɗinki a tsakar gida, Ikilima ta shigo da gudu, jaka na rawa a baya.

"Kaka! Ni aka yi selecting! Malama Kemi ta ce ni zan karanta waƙar da ta fi kowace shahara a school ɗinmu. Kuma old boys sun ce wadda ta karanta ranar, su za su ɗauki nauyinta har ta gama jami'a!"

Iya ta ce, "Masha Allahu. Wace waƙa ce, 'yar nema?"

Yarinyar ta gyara tsayuwa, ta riƙe ƙugu, ta fara. Muryarta mai daɗi, ta kuwa iya lanƙwasa ta. Matan gida suka fito suna dariya har da riƙe ciki. Iya tana ƙulla ledar gawayi, na ga ta ƙulla, ta kwance, ta sake ƙullawa. Ni dai keken ɗinkina na taka da ƙarfi don kada in yi ihu.

Ranar Asabar Iya ta yafa mayafinta mai kyau ta ce in raka ta. Muka hau keke mai ƙafa uku har ƙofar makarantar, ƙofar da rabonta da ita tun tana amarya. 'Yan kwamitin biki suna zaune a gindin kanya kan fararen kujeru, motocinsu jere. Aka nuna mana Alhaji Ummaru. Siririn yaron nan yanzu da kyar kujera ta ɗauke shi.

Iya ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, ni ce Lauratu, mai waina ta ƙofa."

Ya ƙura mata ido. Can ya zabura ya miƙe. "Uwar Ƙuda! Kina raye? Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ai a littafin biki mun rubuta kin rasu!"

Suka yanyame ta da wayoyi suna ɗaukar hoto. Wani mai furfura har ya fara rera baitin farko. Na ji kamar in kife teburin da ke gabansu a kansu. Dattawa ne fa, masu jikoki.

Iya ta jira suka lafa, ta ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. A cire waƙar nan. Ta raba ni da sana'ata, ta raba ni da unguwarmu. Ba na neman komai a kan abin da ya wuce. A dai bar ta ta mutu."

Mamaki ya kama shi, kuma na rantse mamakin gaske ne. "Haba Hajiya, wasa ne fa na ƙuruciya! Ke ba ki san kin shiga tarihi ba? Mutane nawa ne aka yi wa waƙar da ta shekara hamsin? Mu ma sai mu hau da ke kan dandamali, mu ba ki lambar yabo."

Na ce, "Alhaji, yarinyar da za ta karanta jikarta ce, kuma ba ta sani ba."

Ai sai murna ta ƙaru. Wani ya ce wannan shi ne labarin da 'yan jarida za su so. Alhaji Ummaru ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce shi mai adalci ne. In Hajiya ta nace, za a cire. Sai dai kyautar karatun an ɗaura ta ne a kan wannan waƙar, da sunansa, don tunawa da ita. In babu waƙa, babu dalilin kyauta. Bai faɗa da mugunta ba, a tsanake ya faɗa, kamar yadda aka yi wa Khamis bayani.

Iya ta dubi ƙofar makarantar. Sannan ta ce, "A bar waƙar. Amma abin da kuka rubuta a littafinku, ku bar shi yadda yake. Matar ta rasu. Ku goge hotunan nan."

Suka yi ta gunaguni, wai an ɓata musu abin da zai ƙayata biki. Amma suka goge, ina tsaye a kansu. A cikin keke na kasa haƙuri na ce, "Iya, wallahi zalunci ne." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ki riƙe rantsuwarki."

Ana gobe biki Ikilima ta dawo da sabuwar magana. Malama Kemi ta ce a yi abin kamar wasan kwaikwayo, ita Ikilima ta yi shigar Uwar Ƙuda, da tsohon zane da tanda a gabanta. Zanen ba wuya, ni na ba ta. Tandar ƙasa ce aka rasa, duk ta ƙarfe ake yi yanzu. Yarinyar ta shiga ɗaki tana bincike, sai ga ta da wani abu naɗe cikin tsumma.

"Kaka, ashe kina da tanda! Tun yaushe? Kin iya waina ne ba ki taɓa yi mini ba, don rowa?"

"Ta wata ce da na sani," in ji Iya.

Ikilima ta kwance tsumman. Tandar tana ƙyalli. Ashe duk shekarun nan Iya tana fito da ita ta wanke, ta shafa mai, ta mayar. Yarinyar ta juya ta, ta taɓe baki.

"Kai, wannan ta yi clean da yawa. Ba wanda zai yarda ta Uwar Ƙuda ce. Kaka, kin san matar? An ce ta mutu tuntuni. Allah ya jiƙanta, amma da gaske haka take da ƙazanta?"

Na ajiye almakashina. Maganar tana bakina, saura kaɗan ta fito. Iya ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye ta.

"Haka suka ce," in ji Iya.

"To ya zan yi ta yi datti?"

Iya Lauratu ta sa hannu cikin buhu, ta zaɓo gawayi mai laushi, ta murƙushe shi a tafinta, ta kwaɓa da ɗan manja. Ta ce, "Kawo nan, ke ba ki iya ba." Ta ɗora tandar a cinyarta, ta bi gurbin waina ɗaya bayan ɗaya tana shafawa a hankali, har ba sauran inda ke ƙyalli. Ikilima tana tsalle tana cewa yauwa, yanzu ta yi daidai.

Washegari yarinyar ta ɗauki tanda a ka ta tafi, kuma an ce filin ya ɗauka da tafi. Iya ba ta je ba, ta ce ƙafa. Da na fito da hantsi na same ta a ƙofar gida kan buhunanta, tana ƙulla leda. Baƙin jiya yana nan a farcenta, ba ta wanke ba.